Allurar da Ba Ta Tsaya Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ga abin da na gani a ranar tun kafin in iya faɗa wa kowa.

Sadiya, Bukar da Ummi, akwai wani labari da kuke bayarwa a kaina. Na ji Bukar yana ba abokansa shi a ƙofar gida ranar sunan ɗansa, ina daga zaure ina saurare. Labarin shi ne, a shekarun tashin hankali, lokacin da kowa yake tsoron a gan shi a gidan Kirista, Babanku ya saɓa tukunyar gas ya ratsa shingen sojoji, ya je ya gyara wa maigidansa AC ɗin mota don ya fita da tsohuwarsa daga Potiskum cikin sanyi. Duk wannan ya faru. Amma an cire wa labarin minti goma a tsakiya, kuma ni na cire su. Su nake so in mayar yau, tunda hannuna yana iya riƙe biro.

Ku manyan kun san Oga Bitrus, Ummi ce ba za ta tuna shi ba. Mutumin Filato ne, daga wani ƙauye a kan duwatsu. Ya zo Potiskum yana saurayi, yana bin manyan motoci, garin ya riƙe shi. Ni kuwa na je wurinsa ne bayan na gwada noma a gonar kawuna a Danchuwa na ga ba zan iya ba, na gwada kwandasta aka kore ni saboda barci. Rumfarsa tana bakin titi ƙarƙashin wata babbar bishiyar maina, da benci biyu da akwatin ƙarfe. A nan na yi shekara ashirin da wani abu, a nan na tara abin da na auri mahaifiyarku. Abin da ya fara koya mini shi ne mota ba ta shan gas kamar yadda take shan mai. In gas ya ragu, to ta wani wuri ya fita, kuma wanda ya ƙara bai nemi wurin ba, iska ya sayar wa mai mota. In an kawo mota ba ta sanyi, ba ya taɓa tukunyar gas. Sai ya duba fis, ya duba bel, ya sa a kunna ya kasa kunne ya ji ko kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin, za ta ce ƙas ta kama. Bayan nan ne zai ɗaura geji, wato agogon da ke auna gas ɗin cikin bututu, ya haɗa injin zuƙe iska ya zuƙe duk abin da ke cikin bututun, har allurar gejin ta sauka ƙasa. Sai ya rufe, ya kashe injin, ya zauna. Rabin awa cur. In allura ta tsaya inda aka bar ta, babu yoyo, a cika gas. In ta fara hawa, ko da kaurin gashi ne, akwai ɓula, sai a ɗan sa gas kaɗan a bi bututu da ruwan sabulu har a ga inda kumfa ke tashi.

Wannan rabin awar muke kira zaman allura, kuma duk daɗin da na ji a rayuwata ta aiki a cikinta na ji shi. Babu abin yi sai jira, saboda haka benci ke cika. Dillalan kasuwar shanu, direbobin tirela da ke jiran lodi, ma'aikatan ƙaramar hukuma daga Nangere da suka sato jiki daga ofis, kowa da irin Hausarsa, Babarbare yana tsokanar Bafulatani, Bangizime yana tsokanar su duka. Mai shayi yana gefe, mai gyaɗa tana wucewa. Wani Alhaji mai shanu ya taɓa fusata ya ce:

"Bitrus, ni fa sanyi na zo saya, ba zama ba."

Oga bai ko ɗago ba ya ce, "Alhaji, zaman kyauta muke bayarwa. Sha shayinka."

Da azahar kuma Kaka Ladi take zuwa, mahaifiyar Oga. Ya ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar matarsa, don ta riƙe masa gida da 'yarsa Rahila. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai sanda, da kular gwate a kanta, ta ƙi yarda a aiko kowa da abincin. Tun ranar da ta fara ganina ta ce ta yi miji. In ta iso sai ta dogara sandarta ta ce:

"Angona, yau ma babu cefane?"

In ce, "Kaka, ai na sake ki tun shekaranjiya, takardar ce ba ta iso ba."

Ta ce, "Ka saki wa? Wa za ta kwashe ka da wannan baƙin mai a farce? Zo ka ci, kafin ka faɗi a ce ni na bar ka da yunwa."

Ni take fara zuba wa, kafin ɗanta. Ta san ba na cin abin da ban san yankansa ba, saboda haka naman da za ta sa a gwaten wurin mahaucin unguwarmu take saye, ba ta taɓa faɗa mini ba, mahaucin ne ya gaya mini bayan shekaru. Lokacin da aka haifi Sadiya, ita ta zo gidanmu a Dogo Tebo ta kwana bakwai tana dama wa mahaifiyarku kunun kanwa.

Ana nan ciwon suga ya taɓa idon Oga. Hannunsa bai manta komai ba, yana iya kwance kwamfuresa da laluben yatsa, amma allurar geji ta ɓace masa. Daga nan aikin ya rabu biyu, shi kunne da hannu, ni ido. In rabin awa ta cika sai ya juyo inda nake ya ce, "Ado, me allura ta ce?" In ce ta tsaya, ko in ce ta motsa. Bai taɓa sa wani ya duba bayana ba. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Sai shekarun nan suka zo. Ba zan ba ku labarinsu duka ba, kun ji wasu, wasu kuma ba na son tunawa. An hana hawa babur, keke napep ya cika gari. Aka kafa shinge a kowace mahaɗa, aka sa dokar hana fita tun rana ba ta faɗi ba, wani lokaci a ɗauke layin waya gaba ɗaya. Abin da ya fara mutuwa a rumfarmu shi ne benci. Ba wanda yake son zama inda mutane suka taru, ba wanda yake son barin motarsa a bakin titi rabin awa. Ga kuma tukunyar gas ɗinmu da tiyo uku da agogo biyu a jikinta. A da kayan aiki ce, yanzu duk wanda ya hango ta sai ya canza hanya. 'Yan Kudu da 'yan Filato suka fara loda kaya ɗaya bayan ɗaya. Oga ya daina fitowa, ya ba ni makullin akwati. Wata rana bayan sallar magariba wani da na sani tun muna yara ya matso kusa da ni a ƙofar masallaci ya ce a hankali, "Ado, har yanzu kana zuwa gidan nan? Ana ganinka fa." Bai ce wa ke ganina ba. Ban tambaya ba.

Cikin bazara Rahila ta zo gidanmu da lulluɓi irin na matanmu, don kada a gane ta a hanya. Lokacin tana koyarwa a wata firamare, ita ce kuma ke tuƙa tsohuwar farar wagon ɗin babanta. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce:

"Yaya Ado, jibi za mu tafi. Baba ya ce AC ɗin motar ya daina sanyi. Kaka ba ta da lafiya, numfashinta sama-sama, likita ya ce zafi ne babban abin gudu. An ce layin shinge a hanyar Bauchi sai a yi awa uku mota ba ta motsa ba. Baba ya ce in ba za ka iya zuwa ba, wallahi ba komai, ya fahimta."

Na ce zan yi tunani. Da ta fita, mahaifiyarku Falmata tana tsugune tana sa turaren wuta a kasko, ba ta kalle ni ba ta ce:

"Tunanin me, Baban Sadiya?"

Na ce, "Ke ba ki san abin da ake ciki a gari ba."

Ta ce, "Na sani. Na kuma san wadda ta wanke mini jini a ɗakin nan. In kai ba za ka je ba, nuna mini yadda ake yi in je."

Kun ga ke nan, ko zuwan da kuke yabona a kai, turo ni aka yi.

Washegari da hantsi na ɗauko kaya. Masu napep uku suka ƙi ɗaukata da suka ga tukunyar, na huɗun ya yarda bisa sharaɗin in riƙe ta a fili a kan cinya, kada in rufe ta da komai. A shinge aka ce in sauka in ajiye ta in ja da baya hannu sama. Wani soja da Hausarsa ba ta nuna ba ya ce in buɗe da kaina. Na murɗa kaɗan, gas ya fesa mini a tafin hannu har wurin ya yi fari, na miƙa masa hannun ya taɓa ya ji sanyi. Ya yi dariya ya ce in dawo in sa masa a tankar yaƙinsu. Ni ban yi dariya ba, na ɗauki tukunyar na koma cikin napep.

Motar tana ƙofar gidan Oga, a waje, don gidan ba shi da wurin shigar mota. Layin shiru, rabin gidajen da kwaɗo. Muka yi shawara Oga ya zauna daga cikin zaure, kada a gan shi tsaye kusa da tukunya. Na buɗe bonet, na duba fis da bel, lafiya lau. Na ɗaura geji na ga babu gas ko kaɗan. Na jona injin zuƙe iska da ƙaramin janareton Oga, ƙararsa ta cika layin, ni kuwa ji nake kamar shela nake yi wa gari cewa ga Ado a nan. Allura ta sauka, na rufe, na kashe. Saura zama.

Kaka ta sa Rahila ta kawo ta bakin zaure a kan kujera. Ta rame har na kusa kasa gane ta, amma bakin yana nan.

Ta ce, "Angona, ka zo raka ni ɗakina ne, ko ka zo ka tabbatar na tafi ka kawo wata?"

Na ce, "Kaka, ai da sanyi zan aika ki, kamar matar gwamna."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ban kai minti goma da zama ba wani napep ya shigo layin da mutum biyu a baya, suka wuce a hankali suna kallona, suka kai ƙarshe suka juyo suka sake wucewa. Har yau ban san ko su wane ne ba, wataƙila gida suke nema. Can kuma daga wajen babban titi aka ji wata ƙara, mai yiwuwa tayar tirela ce ta fashe. Na leƙa geji. Allura ta hau. Ba da yawa ba, amma ni da na yi shekara ashirin ina kallonta ba zan ce ban gani ba. Nan take lissafi ya zo mini: in ɓular tana cikin dashbod ce, sai an kwance gaban motar duka, yini guda ke nan a wannan layin, wataƙila har da gobe. Ban ɗauko ruwan sabulu ba. Ban ko gwada ba. Daga cikin zaure Oga ya ce:

"Ado, me allura ta ce?"

Na ce, "Ta tsaya, Oga."

Ya ce, "Har rabin awar ta yi?"

Na ce, "Ta yi, Oga."

Ya ce, "To, cika."

Na cika. Rahila ta tada mota, kwamfuresa ta ce ƙas, sanyi ya fito kamar na firji. Aka kawo Kaka ta sa hannu a gaban iskar, ta shafa a fuskarta, ta kama kaina da hannu biyu ta sa mini albarka da yarensu da kuma Hausa. Oga ya ce injin da geji da akwati duk ya bar mini. Na gaya wa kaina yoyon ƙarami ne, zai kai su. Na san ƙarya nake yi, don yoyon da ya nuna kansa a minti goma ba ƙarami ba ne.

Suka tafi da sassafe. Layin waya a ɗauke yake, sai bayan kusan wata guda wani direban tirela ya kawo mini saƙo. Sanyin ya ƙare tun kafin su kai Darazo. Sun yi awa huɗu a layin shinge da tsakar rana, kowa ya sauka ya taka da ƙafa, Kaka ba ta iya tafiya, aka bar ta a mota Rahila tana yi mata fifita da kwali tana jiƙa mata zane. Sun isa. Ta kwana huɗu a ƙauyensu ta rasu. Ba wanda ya ce zafi ne ya kashe ta. Tsohuwa ce, ba ta da lafiya, kwananta ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma awa huɗun nan ba ƙaddara ce kaɗai ta sa ta a ciki ba, da hannuna. Saƙon Oga kuwa cewa ya yi in gode wa Allah da Ya mayar da ni gida lafiya, kuma kada in damu, ramukan hanya ne suka fasa bututu.

Daga nan labarin jarumtata ya fara yawo. Mahaifiyarku ta ba maƙwabta, maƙwabta suka ba wasu, ku kuka tashi da shi. Duk lokacin da aka bayar sai in sunkuyar da kai, ku ɗauka kunya ce irin ta mutumin kirki.

Bayan gari ya lafa, benci ya fara dawowa, Rahila ta kira ta ce za ta yi aure, Baba ya ce lallai in zo, kuma in taho da geji da sauran kayan aiki. Da na isa ƙauyensu na tarar idonsa ya tafi gaba ɗaya. Ya riƙe hannuna yana zagayawa da ni wurin danginsa yana cewa ga Musulmin da ya sa ransa a kansu. Washegarin biki ya kai ni bayan gida, ga farar wagon a ƙarƙashin mangwaro. Ya ce tun ranar bai bar kowa ya taɓa AC ɗin ba, aikin Ado ne, Ado zai gyara. Na zuƙe, na sa gas kaɗan, na kaɗa ruwan sabulu a kofi. Wuri na biyu da na shafa, a mahaɗar bututu da ke bayan kwamfuresa, a fili, inda ko makaho zai kai hannu, kumfa ta tashi. Na sa sifana na kwance. Wani ɗan zoben roba ne ya tsufa ya tsage. Irinsa sun fi ashirin a gwangwanin da ke akwatina a ranar da na je gidansa. Canza shi bai kai minti goma ba.

Na sa sabo, na sake zuƙewa, na rufe, muka zauna a kan dutse. Da lokaci ya cika ya ce:

"Ado, me allura ta ce?"

Na ce, "Yau ta tsaya, Oga. Amma ran nan ba ta tsaya ba. Na gan ta ta hau, na ce maka ta tsaya. Rabin awar ma ba ta yi ba. Ba rami ba ne, ni ne."

Na sa masa tsagaggen zoben a tafin hannu. Ya daɗe yana murza shi da yatsa. Ana ta kiɗa a cikin gida. Na so ya zage ni, ko ya ce ai ya sani tun tuni, don in samu sauƙi. Bai sani ba. Ya yarda da ni ne kawai. Can ya ce:

"Ka san abin da Mama ta riƙa tambaya a layin nan? Ba ruwa ba. Cewa take, angona ya kai gida da tukunyar nan lafiya? Ba su tare shi ba?"

Na kasa riƙe kaina, na yi kuka kamar ba dattijo ba. Bai rarrashe ni ba. Sai da na gama ya miƙo mini zoben ya ce:

"Tsoro ba laifi ba ne, ni ma a zaure na ɓuya. Da ka ce mini, Oga ta motsa amma ina jin tsoro, da mun san abin yi. Da mun tashi da asuba sosai, ko mu sayi ƙanƙara. Idona ka hana ni, Ado. Na yafe maka, Mama ma na san da ta yafe, da zagi biyu ko uku. Rahila ni zan gaya mata. Amma 'ya'yanka kai za ka gaya wa."

Na ce to. Na dawo Potiskum na gaya wa mahaifiyarku a daren da na iso. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ran na uku ta ajiye mini abinci ta ce, "Saura yara." Sai na yi ta ɗagawa. In ce sai Sadiya ta gama makaranta, sai Bukar ya yi aure. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin yadda kuke kallona. Oga ya rasu bara ban cika masa ba. Wannan laifi na biyu ne, kuma ba ni da napep ko ƙarar taya da zan ɗora wa.

Bukar, kai da ka gaji rumfar, ka sha yi mini ƙorafi cewa zaman rabin awa yana korar mana mutane, na hayin titi minti biyar suke cikawa. Yanzu ka san dalili. Ka kuma sha tambayata zoben robar da ke ɗaure da zare a jikin geji, ka ce in bari ka yar. Shi ne. Kada ka cire.

Ban hana ku ba da labarin ba. Ku ba da shi, don Kaka Ladi da Oga Bitrus sun cancanci a riƙa ambatonsu a gidan nan. Amma in kun zo wurin da aka tambayi Babanku me allura ta ce, ku faɗi abin da ta ce, sannan ku faɗi abin da shi ya ce.